Tabarau a Kan Tebur

Mai Zare tana tsintar maɓallai a teburin kicin sai Amarya ta zo ta ajiye wayarta kusa da farantin, ta ja kujera ta zauna.

"Mama, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina, kada ki tsince ta a bakin wani."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta daɗe da rufe shagonta na zare da allura, amma har yau hannunta bai samu labarin an rufe ba. Kullum da la'asar sai ta juye gwangwanin maɓallan da suka yi kwantai, ta ware farare gefe, baƙaƙe gefe, gobe kuma ta sake cakuɗa su. Ta ce, "Ina jin ki."

"Na saka manhajar nan a wayata, wadda maza da mata ke haɗuwa su san juna. Ta kyauta ce."

"Kyauta?" in ji Mai Zare. "Ni duk zaman da na yi a kasuwa ban ga abin kyautar da bai zo da ƙaiƙayi ba."

"Shi ya sa nake gaya miki. Ina so ki zama idona."

Amarya matar ɗanta ce. Ɗan kuma, shi kaɗai Allah ya ba ta, ya rasu shekarun baya da wani ciwo da bai ba su ko damar sabawa da hanyar asibiti ba. Ba su haihu ba. Kowa ya ɗauka da an watse daga gaisuwa za ta tattara nata ya nata ta koma wajen danginta, har ƙannenta suka zo da mota. Ta leƙa ɗaki ta ga tsohuwar zaune a bakin gado ta haɗa kai da gwiwa, ta fito ta ce musu su je, za ta neme su. Motar ta koma babu kaya. Tun daga nan su biyu suke zaune a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da kicin mai taga ɗaya. Amarya tana aiki a kantin magani, ita ke biyan wuta da ruwa, ita ke tuna wa tsohuwar ƙwayar hawan jini. Sunan kuwa tun ranar da ta shigo gidan ya manne mata, ga shi har furfura ta fara leƙowa a gefen kunnenta ba a sauya ba.

Mai Zare ta ce Allah ya sa alheri, amma tsoro biyu ne suka kama ta a lokaci guda. Na farko kada wani mugu ya cuci yarinyar. Wannan ta faɗe shi, ta sake faɗa, ta ƙara da labarin da ta ji a rediyo. Na biyu kuwa kada wani mutumin kirki ya ɗauke ta. Babu jika a tsakaninsu, babu jini, babu takarda. In Amarya ta fita daga gidan nan, wa ya rage a duniya da za a ce masa, ka tuna yadda ɗana yake tari kafin ya shigo ɗaki? Wannan tsoron ta haɗiye shi, ta ci gaba da tsintar maɓallanta.

A kan tsoro na farko dai, ashe tsohuwar ɓata bakinta take yi. Ba a koya wa Amarya taka-tsantsan. Mace ce da ta shekara da shekaru tana karanta rubutun likitoci, ta san kuskuren ɗigo ɗaya yana iya kwantar da mutum. Daga hoton da za a sa a manhajar aka fara. Mai Zare ce ta riƙe waya, ta tsayar da ita a bakin taga saboda haske, hoto ya fito fes. Amarya ta sa yatsu biyu ta buɗa shi, sai ga allon mai facin taya na tsallaken titi, da sunan layin ɓaro-ɓaro, da tankin ruwan maƙwabta mai ruwan ɗorawa.

"Mama, wannan ai ba hotona kika ɗauka ba, kwatancen gidanmu kika zana musu."

Aka goge. Na biyu ma aka goge, don rigar aikinta tana rataye a baya da sunan kantin a aljihu. Daga ƙarshe a jikin bangon lungu aka ɗauka, bango fari fat, ko ƙusa babu. Ba ta sa cikakken sunanta ba, ba ta faɗi inda take aiki ba, lambar waya kuwa ta ce ba ta bayarwa sai ta ga mutum ido da ido. Duk hirar da za a yi, a cikin manhajar za a yi ta.

Sai maza suka fara zuwa, kala-kala. Akwai wani injiniya da ya ce yana aiki a jirgin ruwa a tsakiyar teku. Kafin shayin Amarya ya huce ya riga ya rantse ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Ta ce to, a yi kiran bidiyo ta ga fuskar da ke shirin mutuwa dominta. Kyamararsa ta lalace. Washegari iska ta yi yawa a teku. Da aka kwana biyu sai ga shi yana neman ɗan taimako, wai an riƙe masa kaya a tashar jirgi, kayan ma duk tsarabarta ce. Amarya ba ta zage shi ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta kai ƙararsa wajen masu manhajar, ta toshe shi, kamar yadda take miƙa wa mai takardar likita ta bogi takardarsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

Akwai wanda ya nemi irin hoton da ba a nema wajen mace mai mutunci. Akwai wani mai fara'a, mai iya zance, har Mai Zare ta fara tsoron ko shi ne zai ɗauke ta, sai ya nemi lambar waya aka ce masa tukuna, ya hau faɗa, wai an raina shi, wai ita wace ce.

"Wanda ya yi wannan fushin don an hana shi lamba," in ji Amarya tana danna wayar, "me zai yi ranar da aka hana shi babban abu?"

Mai Zare ba ta taɓa jin daɗin wata sana'a irin wannan ba. Da Amarya ta dawo daga aiki, tun kafin ta cire takalmi, sai ta tare ta a ƙofa. "Yau wa muka kora?" Su zauna su yi ta dariya, tsohuwar tana ba da nata sharhin, wannan idonsa na mayaudara ne, wancan gemunsa na aro ne. Tana alfahari da yarinyar har cikin ranta. Kuma duk ranar da aka toshe wani, barcinta ya fi daɗi, ita ma ta san dalili.

Sannan Mai Firji ya zo ya ɓata mata lissafi.

Hotonsa kaɗai ya isa a kore shi. Daga ƙasan haɓa ya ɗauka, hanci ya cika rabin hoton, fankar silin tana bisa kansa kamar daga nan ta tsiro. Ya rubuta cewa gyaran firji yake yi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata sun girma sun tafi gidajensu, kuma su ne suka saka masa wannan abin a waya don sun gaji da ganinsa yana hira da injin. Mai Zare ta ce a kore shi don ya je ya koyi ɗaukar hoto. Amarya ta ce a bari tukuna.

Da ta ce a yi kiran bidiyo, bai ce kyamara ta lalace ba. Ya ɗauka nan take, da rana tsaka, a shagonsa, da sifana a hannu, yana magana da ƙarfi irin na mutanen da suka ɗauka sai an yi ihu waya ke ji. Ya juya wayar ya nuna mata firji a jere baki buɗe, da allon shagon, da butar shayinsa. Mai Zare tana zaune a gefe inda kyamara ba ta kai ba, ta kasa kunne tana jiran ya tambayi unguwa, ko lamba, ko wurin aiki. Bai tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko firjinsu yana tara ƙanƙara a baya. Da aka gama, Amarya ta nemi sunan shagon a intanet ta same shi, da hoton ƙofar, da ra'ayoyin masu kawo gyara. Babu wanda ya ce ya cuce shi. Mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi, shi ma cewa ya yi aikinsa yana da kyau amma surutunsa ya yi yawa.

Hira ta yi tsawo, makonni suka shige. Yanzu in Mai Zare ta ce yau wa muka kora, sai Amarya ta ce ba kowa, ta wuce ɗaki. Wata rana tsohuwar ta ji ana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a kicin ana wanke kwanuka. Ta tsaya a lungu da hannu a bango har waƙar ta ƙare, sannan ta koma ɗakinta ba ta sha ruwan da ta fito nema ba.

Da lokacin haɗuwa ya yi, Amarya ce ta zaɓi wuri. Gidan shan shayi ne a hawan sama na wani babban ginin kantuna, can wani ɓangaren gari, nesa da gida, nesa da wurin aikinta. Da rana, ranar hutunta. A motar haya za su je, a ita za su dawo, babu zancen ya zo ya ɗauke ta ko ya rage mata hanya. Ta gaya wa abokiyar aikinta inda za ta, ta kuma gaya wa Mai Firji kai tsaye cewa akwai nata a kusa, ba ta dai ce masa wane ne ba. Ya amsa cewa shi ma abin da zai ce 'yarsa ta yi ke nan.

"Ke za ki zauna a wani teburin, Mama, kamar ba ki san ni ba. In na cire tabarau na ajiye a kan tebur, ki taso ki zo."

"In ce me? In ce bututun ruwa ya fashe a gida?"

"Ki gaya wa mai gyara cewa bututu ya fashe? Ai kafin ki rufe baki ya ɗauko jakar kayan aikinsa ya biyo mu. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce, taso mu tafi. Shi ke nan. Baƙo ba ya bi na bayani."

"To in na ga kina fara'a fa?"

Amarya ta riƙo hannunta. "Nan ne nake so ki gane. Mace tana iya murmushi cikinta yana ɗurar ruwa. Tana iya dariya don kada ta fusata mutum. Kada ki duba fuskata, Mama. Tabarau za ki duba."

Suka je da wuri. Mai Zare ta kama tebur kusa da wata tukunyar fure, inda take ganin komai, ta sa aka kawo mata shayi da biskit, ta rungume jakarta a cinya. Wurin cike yake da jama'a, iyaye da yara, 'yan mata da ledojin sayayya, injin shayi yana ta huci. Sai ga Mai Firji ya fito daga matakala mai tafiya da kanta. A fili ya fi hotonsa kyau, ko da yake wannan ba wani yabo ba ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rigarsa ta sha guga har tana neman tsayawa da kanta, an ga alamar ya goge faratansa sosai amma baƙin mai bai bar su duka ba. Ya tsaya nesa kaɗan ya gaisa, sai da aka nuna masa kujera ya zauna.

Tsohuwar ta zuba masa ido tana neman aibu. Da aka kawo shayi bai taɓa kofin Amarya ba. Bai matso da kujera ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya kashe ya kife ta. Surutu kam akwai shi, mai ƙorafin nan bai yi ƙarya ba, amma in Amarya ta buɗe baki sai ya yi tsit ya karkata kai, irin yadda ake sauraron inji don a gano inda yake ciwo. Mai Zare ta tauna biskit ta ji kamar kwali.

Can sai ya shiga ba da wani labari. Ba ta jin duka saboda hayaniya, amma hannuwansa sun isa. Wata mata ce ta kira shi wai firjinta yana kuka kamar jariri. Ya nuna yadda ya durƙusa, ya kasa kunne, ya ja firjin da ƙyar, ya zura hannu a baya, sannan ya zabura ya yarfe yatsu. Kyanwa ce ta haihu a wurin saboda ɗumi. Ya kwaikwayi fuskar kyanwar, ya kwaikwayi ta matar gidan da ta ce ai tun da ya zo sai ya gyara wani abu.

Kafaɗun Amarya suka fara rawa, babu sauti. Sannan ta bugi tebur da tafin hannu, cokula suka yi tsalle. Sannan dariyar ta ɓalle, mai ƙarewa da wata 'yar shaƙuwa. Mai Zare ta san wannan dariyar. Ta sha jin ta ta bayan bango, lokacin da ɗakin can yake da mutum biyu. Tun ranar da aka fita da ɗanta ba ta sake jin ta ba, ko a dariyar korar maza da suke yi a kicin.

Hawaye suka cika wa Amarya ido. Ta sa hannu ta cire tabarau, ta ajiye a kan tebur, ta ɗauki hankici tana share fuska.

Mai Zare ta dubi tabaran. Ta san abin da ya faru sarai, ko makaho ya ji wannan dariyar ya san babu tsoro a cikinta. Amma an ce mata kada ta duba fuska. An ba ta doka, dokar kuma ta tsaya a gefenta, babu mai cewa ta yi laifi. Ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta ratsa tsakanin tebura ta tsaya a kansu.

"Taso mu tafi."

Amarya ta ɗago da jiƙaƙƙun ido. Ta dubi tsohuwar, ta dubi tabaran a gaban kofinta, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba ta ce Mama kuskure ne ba. Ba ta ce ɗan ba ni minti ɗaya ba. Ta mayar da tabaranta, ta ɗauki jaka, ta ajiye kuɗin shayinta a gefen faranti, ta ce wa mutumin, "Zan tafi."

Shi ma ya miƙe. Fuskarsa ta faɗi, ana gani, amma bai ce me na yi ba, bai ce to ba ni lambarki ba. Ya ɗan rusuna wa tsohuwar ya ce, "Ku sauka lafiya." Da suka kai bakin matakala Mai Zare ta waiga. Ya koma ya zauna, ya juya kujerarsa ya ba ƙofa baya, don kada ma ya ga hanyar da suka bi.

Suka sauko suka taka zuwa tashar mota. Rana tana duka, motoci suna wucewa ba tasu ba. Amarya ta gyara wa tsohuwar hannun jaka a kafaɗa.

"Kin yi daidai, Mama. Ni ce na manta. Da kin zauna kina cewa ai dariya take yi, da ba zan sake yarda da wannan shirin ba. Na gode."

Da zagi ta yi mata, da ya fi sauƙi. Mai Zare ta kau da kai, ta tambaye ta:

"Ba za ki rubuta masa ki ce kuskure ne ba?"

"Zan rubuta in mun isa gida. In ya fahimta, to. In bai fahimta ba, kin ga mun san shi ke nan." Ta faɗe shi a tsaye, amma sai ta juya tana duban hanyar da mota za ta fito.

"Na sani," in ji Mai Zare.

"Kin san me?"

"Na san dariya ce. Na san ba tsoro ba ne. Na taso ne don ba na so ya tafi da ke." Sai maganar ta zubo gaba ɗaya, a bakin titi, gaban mai sayar da jarida. "In kin tafi, da wa zan yi zancen ɗana? Kowa ya manta da shi, 'yar nan. 'Yan uwana in na ambace shi sai su ce in yi haƙuri, su sauya zance. Ke kaɗai kika rage da kika san shi. In kin shiga wani gidan, shi ke nan ya mutu gaba ɗaya."

Amarya ta dube ta ido cikin ido. Ba mace ba ce mai alkawarin da ba za ta iya cikawa ba, ko don ta share wa tsohuwa hawaye.

"Ba zan ce miki ba zan taɓa aure ba, Mama. Ina so in yi. Na gaji da kaɗaici, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina da ƙanne, ina da ƙawaye masu ƙafa da ƙarfin gudu. Me ya sa a ganinki na ɗauko ki, da ciwon gwiwarki, na ce ke za ki zauna a teburin can?"

Motarsu ta iso ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Mai Zare ta dubi motar, ta dubi yarinyar. Sai ta juya ta kama hanyar ginin.

"Mama, ina za ki?"

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Biyo ni, kada in faɗi a kan matakalar nan tasu marar kunya."

Mai Firji ba ya teburin. Tsohuwar ta duba ko'ina, sai ta hango shi a tsugune gefen firjin gilashin da ake jera kek, ya manna kunne a jikinsa, yana gaya wa mai wurin cewa fankar ciki ta kusa tsayawa, gara a duba ta kafin ta ja asara. Da ya gan su ya miƙe da sauri har ya buga kai a gefen kantar da ake biyan kuɗi.

Mai Zare ba ta yi kwana-kwana ba. "Malam, ni ce uwar mijinta da ya rasu. Ba abin da ka yi. Alama muka shirya, ta ba da ita bisa kuskure, ni kuma na karɓa da gangan. Ka yi haƙuri."

"Haba Mama, wane haƙuri? Ni da na ga kin taso sai na ce a raina, ashe tana da mai tsaya mata. Wallahi daɗi na ji, ko da yake ba daɗi kaɗai na ji ba." Ya shafa inda ya bugu. "Ta gaya min akwai ki. Tun farkon hirarmu ta ce in sani tana da uwa a gida, ba mai raba su. Ban dai san ke ce mai hararata daga bayan fure ba."

Ya ja mata kujera a teburinsu. Ta ce a'a, za ta koma wurinta. Amarya ta dafa kafaɗarta ta zaunar da ita. Aka kawo wani shayin. Tsohuwar ta zauna a takure, jaka a cinya, tana shirin ta sha da sauri ta ba su wuri. Mai Firji ya juya kofinsa a faranti, ya yi gyaran murya, wannan karon ƙasa-ƙasa ya yi magana.

"Mama, in ba zan fama miki ciwo ba. Ita ta ba ni labarin irin mijin da yake. Amma ban ji irin ɗan da yake ba, wannan ke kaɗai kika sani. Wane irin yaro ne?"

Mai Zare ta ajiye kofinta. Shekaru ke nan ana ce mata ta yi haƙuri, ana ce mata ta daina tunani, ba a taɓa samun wanda ya ce mata ba ni labarinsa ba. Ta dubi Amarya. Amarya ta gyaɗa mata kai.

"Ɓarawon alli ne," in ji tsohuwar. "Allin tela da nake sayarwa. Ya kwashe ya je bayan shago ya zana motoci a bango, tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. In na kama shi sai ya ce ba shi ba ne, alhali ga shi fari fat har gira."

"Ban taɓa jin wannan ba," in ji Amarya.

"Ina za ki ji? Ai shi ba zai faɗa ba."

Mai Firji ya karkata kai ya yi tsit. Mai Zare ta sauke jakar daga cinyarta ta ajiye a ƙasa, ta matso da kujera, ta ci gaba daga shekarar da aka sa shi makaranta.